Na je gashin baya, aka fara da tambayar barcina

Tela ne ni a Fagge, shekara kusan 30 ina kan keke. Ciwon ƙugu ya kama ni shekara 2 da suka wuce. Na sha Diclofenac har cikina ya fara zafi, wani abokin sana'a ya miƙo mini Tramadol, na ce a'a, na ga yadda ta mayar da yaran unguwarmu. Ƙanwata ce ta kai ni wani wurin gashin ƙashi mai zaman kansa a titin Gidan Zoo.

Na zaci ina shiga za a kwantar da ni a manna mini na'ura. Sai likitar gashin ta zaunar da ni. "Baba, yaya barci? Kana yawan faɗa a gida? Majalisa fa, kana zuwa?" Raina ya ɓaci. Na ce, "'Yata, baya ne ke ciwo, ba asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau na zo ba." Ta yi murmushi, ta ce ciwon da ya haura wata 3 ba ya tsayawa a jiki kaɗai: yana hana barci, yana jawo ƙunci, ƙuncin kuma ya ƙara wa ciwon kaifi, don sinadaran ƙwaƙwalwa da ke rage zafi su ne dai masu daidaita zuciya. Na yi shiru. Rabona da majalisa tun kafin azumi, yarana kuwa da sun ji sallamata sai kowa ya nemi lungu.

Ta haɗa ni da likita, ya rubuta mini Amitriptyline kaɗan da daddare. Maganin damuwa ne, amma ana ba da shi don ciwon jijiya. Makon farko baki ya bushe ƙamas, tashi Asuba sai da kyar.

Wurin ba ya rasa aibi. Ka zo ƙarfe 9, sai 11 ka shiga, in an ɗauke wuta kuma a jira janareta. Labule kawai ya raba gadaje, kana jin nishin maƙwabcinka. Kuɗin ma ba na talaka ba ne.

Yau zuwana 8. Ciwon na nan, sai dai ya sassauta. Duk rabin awa nakan sauka daga keke in miƙe kamar yadda ta koya mini, yaran shago na ta dariya. Shekaranjiya uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, kai ne ke wasa da Auta?"