Shagon mai juya kaset a Jidda, da rigimar da kaset ɗin marayu ya tayar mana

Salamu alaikum 'yan uwa. Tun ranar da na ɗora hoton tsohon kaset ɗin nan a WhatsApp mutane suka hana wayata sakat, ina kika kai aka juya miki, nawa ne, aikin yana da kyau ko dai zubar da kuɗi ne, toh na ga gara in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta ni ma in huta.

Kaset ɗin na marigayiya Ummanmu ne Allah ya jiƙanta, guda 7 muka tarar a ƙasan adakarta lokacin da hadad, wato rusau ɗin tsofaffin unguwannin Jidda, ya zo mana unguwarmu Sabil a 2022 ana ta kwashe kaya a gurguje, wanda ya zauna a Sabil ko Kandara ko Karantina a lokacin ya san abin da nake faɗa, babu lokacin tsayawa zaɓe, duk abin da hannu ya kama sai a jefa a mota. Ɗaya na bikin Yayanmu ne, sauran finafinan Hausa ne irin waɗanda 'yan Umara da 'yan kasuwa suke sayowa a Ƙofar Wambai ko Bata su taho mana da su tsaraba, har da yaji da kuka da daddawa a jaka ɗaya. A ciki akwai na ɗaya da na biyu na wanda mu a gida kaset ɗin marayu kawai muke ce masa, don Umma ba ta taɓa kallonsa ba tare da ta jiƙa gefen mayafinta ba, mu kuma muna yara muna mata dariya.

Shagon yana wajen Bab Makka ne, a wani lungu, ɗan ƙuƙut, in mutum biyu suka shiga na uku sai ya tsaya a waje. Gyaran rimot da risiba da tsofaffin rediyo yake, juya kaset ɗin kamar aikin gefe ne. Mai wurin dattijo ne ɗan Yaman, Ammu nake ce masa, kuma gaskiya ya san aikinsa, don ina miƙa masa bai ma tsaya zancen kuɗi ba ya danna gefen kaset ɗin ya ɗaga murfin ya nuna min wani fari-fari kamar gari a kan zaren, ya ce fumfuna ce, danshin Jidda ne ya yi wannan, in aka sa shi a inji haka zai toshe kan da ke karantawa kuma hoton ya zama yashi. Guda 3 cikin 7 duk sun kamu. Injin bidiyo uku gare shi, ɗaya ne yake aiki, sauran biyun ya sayo su ne a kasuwar gwanjo ta Haraj Sawarik yana cire musu kaya, don kamfani na ƙarshe da ke ƙera irinsu, Funai na Japan, tun 2016 ya daina, yanzu in roba ɗaya ta tsinke a ciki sai dai a yanka wani injin a ciro.

Abin da mutane ba su gane ba, kuma ni ma ban gane ba sai da na gani, shi ne ba kamar tura fim daga waya zuwa waya ba ne. Sai kaset ya juya daga farko har ƙarshe yana shiga kwamfuta, in fim ɗin awa biyu ne toh awa biyu za a yi, babu hanyar gudu, kuma in hoton ya fara rawa dole mutum yana kusa ya saita. Riyal 40 ya caje ni kowanne, waɗanda suka yi fumfuna ya ƙara 20 na wanki, filash kuma nawa na kawo. Ni ban ga tsada ba.

Inda ya ɓata min rai alƙawari ne. Ya ce kwana 3, bukra in sha Allah, ba'da bukra in sha Allah, wato gobe, jibi, wallahi sai da muka yi kwana 12, kuma ba ya ɗaga waya, sau biyu ina biyan kuɗin mota tun daga unguwar Kilo 14 in zo in tarar da shago a rufe ko in tarar yana shan shayi ko taɓa kaset ɗin bai yi ba. Sannan na biyun marayun ya tsinke masa a inji, ya liƙa, amma wajen minti huɗu sun tafi kenan har abada, kuma bai faɗa min ba sai da na tambaya. Da na kai gida na gwada sai na ga a na biyun baki yana riga murya, mutum ya gama motsa leɓe ya juya ya fita sannan ka ji yana cewa sai anjima. Na koma masa, bai yi musu ba, ya sake juyawa bai karɓi ko sisi ba, wannan karon ya daidaita. Hoto kam kada ku sa rai, kaset kaset ne, a babbar talabijin fuskoki sun yi laushi kamar an shafa musu man shanu, ja ya fi yawa, ƙasan allo akwai wani layi mai wutsil-wutsil, amma ana gane kowa. Kuma bai yanke tallace-tallacen farko ba, da har zan yi ƙorafi sai na ga tallan wani shagon atamfa da lambar wayar tebur mai 064 ta Kano, na ce a'a bar shi haka.

Toh ranar Juma'a bayan isha muka taru gidan Yaya, mun kai mutum ashirin da yara, aka yi tuwo miyar kuka, yaran suka ce su sai kazar Al Baik aka sayo musu. Gwaggo ta taho tun daga Makka, Shara Mansur, da ƙafarta mai ciwo. Kawu ma ya zo. Tun hadad ba mu taɓa haɗuwa haka ba in ba zaman makoki ba.

Minti ashirin na farko yaran nan dariya kawai suke. Ku tuna fa su yaran sinima ne, tun 2018 da aka buɗe gidajen kallo a ƙasar nan bayan shekara sama da 30 a rufe sun saba da kujera mai laushi da gugguru, sai ga wani fim ana jin kukan akuya da ƙarar babur sun danne maganar jarumi, ga kiɗan fiyano yana tashi ko an yi mutuwa ko an yi haihuwa duk ɗaya. Ɗiyar Yaya ta ce Anti lesh, wato me ya sa, suke waƙa a cikin gona bayan yanzu aka binne babansu, na rasa amsar da zan ba ta don ni ma abin ya daɗe yana min ciwo, waƙar nan babu abin da ya kawo ta, don kasuwa kawai aka cusa ta.

Sai aka zo wurin rabo. Bayan sadakar arba'in 'yan uwan uba sun zauna a zaure, yara biyar a jere jikin bango, ana cewa wannan ta bi wane, wannan namiji ne zai yi amfani a kasuwa ni zan ɗauka, ƙaramin a kai ƙauye wurin kaka, sai ka ce rabon goro ake. Babbar, wadda ba ta wuce shekara 15 ba, ta tashi ta jawo ƙannenta bayanta ta ce babu inda za su. Ɗakin ya yi tsit, har yaran suka ajiye waya. Ban ankara ba sai na ga Gwaggo ta dafa bango ta miƙe ta shige kicin, na bi ta na tarar tana wanke kofin da yake a wanke. Na ce Gwaggo lafiya, ta ce ke dai je ki kallonki. Mu duk mun san an kawo ta Makka tana ƙarama amma ba ta taɓa ba mu labarin yadda aka yi ba sai daren nan, ashe ita ma a zaure aka raba su, ita aka ba wata 'yar uwar babansu mai tahowa aikin Hajji, ƙaninta aka bar shi gida, ba su sake ganin juna ba sai da ya zo Umara yana da furfura, a harami suka haɗu kowa yana kallon kowa ana neman kamanni.

Da aka gama na ɗaya Yaya ya ce a tsaya a sha shayi, nan fa rigima ta tashi. Kawu ya ce shi fim ɗin nan bai yi wa mutane adalci ba, riƙo ba mugunta ba ne, wane talaka ne zai iya ɗaukar baki biyar rana ɗaya ya ƙara a kan nasa, da a bar su su kaɗai a kango gara kowa ya ɗauki ɗaya, shi kansa a hannun baffansa ya tashi kuma bai taɓa jin an nuna masa bambanci ba, har ya kawo hadisin nan na Bukhari da Annabi sallallahu alaihi wa sallam ya nuna yatsu biyu ya ce shi da mai riƙon maraya haka suke a aljanna. Matar Yaya ta ce Kawu ka yi haƙuri amma ai waɗannan ba yaran suke so ba, gidan suke so, ba ka ga tun ba a share makoki ba an kawo dillali ba, ta jawo aya ta 10 a Suratun Nisa'i ta masu cin dukiyar marayu suna cusa wuta a cikinsu. Kawu ya ce ai shi ya sa na ce ba adalci, an ɗauko mugaye biyu an ce su ne dangi. Gwaggo daga bakin kicin ta ce wa Kawu, ni ba a ci min ko sisi ba, an riƙe ni da kyau, an yi min aure, amma da an tambaye ni da ban taho ba. Kawu bai sake magana ba sai da ya shanye shayinsa.

Ɗan Yaya na fari, mai shekara 18, shi kuma cewa ya yi da Hausarsa mai haɗe da Larabci wai lesh ba su je jam'iyya, wato ƙungiyar agaji, an rubuta su ana ba su kuɗi kowane wata ba, manya suka kwashe da dariya, amma ni ban ga abin dariya ba, abin da ya buɗe ido ya gani ana yi wa 'yan ƙasa kenan, ya za a yi ya san yarinya tana iya riƙe gida da kaskon ƙosai.

Ni dai ra'ayina, yanzu da na kalla da idon babba, fim ɗin rabinsa ne mai kyau. Matar baffa ta cika zuzutawa, kullum ido a waje tana tafa hannu, mugunta ba haka take zuwa ba, a hankali take zuwa da murmushi. Ƙarshen kuma ya ba ni haushi, wani Alhaji mai kuɗi ya faɗo daga sama ya auri babbar ya kwashe su duka zuwa gidan bene, shikenan wahala ta ƙare, kamar marubucin ya gaji ne. Amma tsakiyar nan, inda take ƙirga su da daddare ɗaya bayan ɗaya kafin ta kashe fitila, da inda ta ce ta ƙoshi don ƙaramin ya cinye, wannan kam an yi shi da gaskiya, kuma wurin ne ƙaninmu da ya koma Kano bayan hadad, wanda muka jingina waya da filas ɗin shayi yana kallo tare da mu ta bidiyo kol, ya ce wai intanet ya yi rauni ya kashe. Ƙarya yake, mun san muryarsa.

Minti huɗun da suka tsinke kuwa ashe daidai inda aka gano ƙaramin ne bayan ya ɓata a tasha, kawai muka ga ana nema sai muka ga yana gida yana cin tuwo. Gwaggo da matar Yaya suka cike mana da baki, kowacce da nata, ɗaya ta ce direba ne ya kawo shi ɗaya ta ce mai shayi, har yanzu ba a daidaita ba.

Wanda zai kai nasa, ya tafi da filash mai giga 32 ko sama, ya ce a kunna masa farko da tsakiya da ƙarshe a shagon kafin ya biya, musamman ya saurari murya, kuma ya ninka kwanakin da aka faɗa masa sau huɗu a ransa. Kowane fim ya fito min sama da giga 3, WhatsApp kuma giga 2 yake ɗauka, sai da Ammu ya matse min kafin na iya tura wa na Kano. Na bikin Yaya yana wurinsa har yanzu, shi ne ya fi fumfuna, ya ce sai ya buɗe shi ya goge da hannu, kuma a ciki ne Umma take, tana rabon alewa a ƙofar gidanmu na Sabil. Ya ce in zo ranar Alhamis.