Ƙurar Dayatom a Sabon Akwatin Murjani: Me Za Ka Saya, Me Za Ka Bari a Kanti?

Sati biyu ko uku da haɗa sabon akwatin murjani, wato akwatin ruwan gishiri da ake kiwon murjanin teku mai rai a ciki, sai ka wayi gari ka tarar farin yashin nan da ka kashe wa kuɗi ya koma ruwan ƙasa, kamar ƙurar hunturu ta sauka a kan mota. Ka goge gilashi da safe, kafin la'asar ta dawo. Ita ce ake kira dayatom, wata ƙaramar gansakuka mai ƙwayar halitta ɗaya tal, wadda ke gina ɓawonta da silika, sinadarin da ake yin gilashi da shi. Muddin akwai siliket, wato narkakken silika, a ruwa, ga kuma haske, za ta yi ta hayayyafa. Idan ya ƙare sai ta ja da baya da kanta, galibi cikin 'yan makonni. Saboda haka tambayar da ya kamata ka yi kafin ka zaro kuɗi ita ce: daga ina siliket ɗin ke shigowa? In daga sabon yashi da duwatsu ne, ƙarewa zai yi. In kuwa daga ruwan da kake ƙarawa ne, to kai ne kake ciyar da ita kullum.

Ka fara tabbatar da cewa dayatom ɗin ce. Ka hura ruwa a kan yashi da sirinji ko ɗan tiyo. Dayatom tashi take yi kamar gari ta watse. In abin ya ɗago kamar fata, ja ko shunayya, wannan sayano ce, wata irin bakteriya mai kama da gansakuka. In kuma ya yi yauƙi da zare-zare kamar majina, da 'yan kumfa maƙale a jikinsa, to wataƙila daino ce, wata ƙaramar halitta mai ƙwaya ɗaya, kuma ita ce abin tsoro, don wasu nau'o'inta na da gubar da ke kashe dodon koɗi. Ɗan ƙaramin madubin hangen ƙwayoyin halitta irin na ɗalibai ya isa ya raba gardama.

Babban abin saye shi ne matatar ruwa ta RO/DI, kuma a ganina nan kaɗai ne ya cancanci ka kashe kuɗi mai nauyi. Ruwa kan bi ta matatar laka, ya bi ta gawayi, ya ratsa siririyar fatar RO da ke tace mafi yawan narkakkun sinadarai, sannan ya ƙare a kan ƙwayoyin DI da ke kama ɗan abin da ya tsira. Matatar shan ruwa ta gida da ba ta da wannan sashe na ƙarshe ba za ta wadatar ba. Ka haɗa da ma'aunin TDS, mai auna yawan narkakkun sinadarai a ruwa. Abin da ake so ya nuna shi ne 0. Sai dai akwai wani tarko a nan: siliket na cikin abubuwan da ke fara kuɓucewa idan ƙwayoyin DI sun soma gajiya, kuma ma'aunin ba ya ganinsa sosai. Kana iya ganin 0 ko 1 alhali yana ta wucewa. Shi ya sa ake son ƙwayoyin da ke sauya launi in sun ƙoshi, ko ma a jera gwangwani biyu a bi da bi.

Wanda ke amfani da ruwan rijiyar burtsatse ya ƙara lura da abu biyu. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan ɗebo silika daga duwatsun da ya ratsa, don haka DI ɗinka zai ƙare da wuri. Na biyu, fatar RO na son matsin ruwa wajen psi 50 zuwa sama (psi ma'aunin matsi ne), shi kuwa tankin da ke bisa rufin gida, ko da tsayinsa ya kai mita 10, bai fi psi 14 yake bayarwa ba. Dole ka sa ɗan famfon ƙara matsi a lissafinka. Ka kuma sani cewa kowace lita ɗaya mai kyau tana zubar da lita uku ko huɗu. A tara su a ba shuka.

Sayen tataccen ruwa a jarka daga mai shagon kifi ba laifi in akwatin ƙarami ne, amma ka je da ma'auninka. Ruwan leda kuwa na sha ne, a bar shi a nan.

Sai masu shara, wato dodon koɗi na teku. Trochus shi ne zaɓina na farko: yana kiwo a kan gilashi da dutse, in ya faɗo ta baya kuma yana iya juya kansa. Astraea na cin dayatom sosai kuma ya fi araha, amma in ya kife a kan yashi sai ka sa hannu ka tashe shi, in ba haka ba ya mutu a wurin. Cerith ƙarami ne, yana shiga cikin yashi da lungunan dutse. Nerite gwanin gilashi ne, illarsa hawa sama ya fice daga akwatin da ba murfi. Nassarius kuwa kar a yaudare ka da shi, ragowar abinci da mushe yake ci, ba ruwansa da gansakuka. Ka sayi kaɗan. Masu sayarwa kan so su haɗa maka garke guda, amma bayan wata ɗaya, in ƙurar ta tafi, me za su ci? Kar kuma ka saka su sai gwaji ya nuna amoniya da naitrait, sinadarai masu guba da ke taruwa a sabon akwati, sun koma 0.

Akwai garin da ake sa wa a jaka ko a gwangwani ruwa ya bi ta ciki ya tsotse siliket. Wanda ake kira GFO na ƙarfe ne, launin tsatsa. Irin su PhosGuard na kamfanin Seachem kuma na alminiyam ne, farare, kuma masu kiwo da dama sun lura murjani masu taushi irin na fata kan tsuke in ba a ɗauraye shi da kyau ba. Dukansu suna aiki, amma tare da siliket suna kwashe fosfet, wanda shi da naitret sinadarai ne da ke ciyar da halittun cikin akwati. Sabon akwati dama ba shi da fosfet mai yawa, kuma inda fosfet da naitret suka faɗi ƙasa warwas nan ne daino ke samun fili. An gudu gara ke nan an faɗa gidan zago. Ni dai ba zan saya ba sai an haura wata biyu, ruwan ƙari ya tabbata mai tsabta, gwajin siliket kuma ya nuna har yanzu akwai saura.

Fitilar UV, wadda ruwa ke bi ta cikinta don kashe ƙwayoyin halitta, tana kashe abin da ya bi ta cikinta ne kawai, ita kuwa dayatom a manne take a yashi da gilashi. Ka adana kuɗinka. Haka ma kwalaben maganin kashe gansakuka. Ba su taɓa tushen matsalar.

Abin da ya rage 'yan ƙananan kaya ne: magogin gilashi mai maganaɗisu (ka duba kar ƙwayar yashi ta shiga tsakani, za ta zana maka layi, musamman in akwatin na roba ne), tiyo na zuƙe saman yashi lokacin sauya ruwa, da audugar tacewa da za ka riƙa canzawa bayan kwana biyu ko uku. In babu murjani a ciki tukuna, rage awannin fitila kyauta ne, yana kuma rage kaifin ƙurar kafin siliket ɗin ya ƙare.