"Le Chat et les Pigeons" ko "Le Maître des illusions"? Ga wanda za ki ɗauka

Ƙanwata, sayi na Agatha Christie. Tun da littafin bincike kika ce kina so, kuɗin littafi ɗaya gare ki, kuma kin tarar da biyun shimfiɗe wurin mai tsofaffin littattafai, ɗauki "Le Chat et les Pigeons" ki bar masa "Le Maître des illusions" na Donna Tartt. Na gane abin da ke jan ki zuwa ga na biyun. Kin shiga jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, ranki na son labarin da ya faru a jami'a, ga shi kuma da kauri, mutum sai ya ga kamar kuɗinsa ba su tafi banza ba. Duka biyun ina da su a ɗaki, duka na kai ƙarshensu, shi ya sa ba zan yi miki kwana-kwana ba.

Na Christie ya fito a 1959. Labarin yana faruwa a Meadowbank, makarantar kwana ta ƴan mata a Ingila, inda ƴaƴan masu hannu da shuni suke karatu. Yana buɗewa da ranar komawa lakwal: motoci na shigowa, iyaye na sauke akwatuna, shugabar makarantar, Miss Bulstrode, tana karɓar su ɗaya bayan ɗaya a ofishinta. Wata uwa tana tsaye bakin taga sai ta hango wata fuska da ta sani tun zamanin yaƙi, lokacin da take aikin leƙen asiri, ta fara ba da labari. A daidai lokacin ita shugabar hankalinta ya tafi wata tagar, tana kallon wata uwar da ta taho a buge tana tangaɗi, tana tunanin yadda za a kauce wa abin kunya gaban jama'a. Maganar da ya kamata ta saurara ta wuce ta. Duk wanda ya taɓa aikin koyarwa ya san wannan ranar, ranar da mutum goma ke yi maka magana lokaci guda, wadda ta fi muhimmanci ita ce kunnenka ba zai kama ba. Tun daga nan littafin ya kama ni.

Daga can sai a koma baya kaɗan, zuwa wata ƙasa ta Gabas ta Tsakiya da marubuciyar ta ƙirƙira ta sa mata suna Ramat. Ana shirin juyin mulki, Yarima Ali Yusuf ya damƙa wa amininsa, matuƙin jirginsa Bob Rawlinson, wasu duwatsu masu daraja ya fitar masa da su daga ƙasar. Yadda duwatsun suka bi hanya har zancensu ya shiga makarantar ƴan mata, ke za ki karanta da kanki. A babi na 8 aka tsinci gawar malamar wasanni, Miss Springer, an harbe ta cikin dare a ɗakin ajiye kayan wasa. Kuma ba a kanta kisan ya tsaya ba.

Ni ba kisan ne ya sa nake ƙaunar littafin ba. Makarantar ce, tana da rai. Malamai suna kishin juna a ɓoye. Shugabar ta fara tunanin ajiye aiki, tana auna wadda za ta bar wa kujera, tsakanin wadda za ta riƙe komai yadda ta tarar da shi da wata matashiya mai sabon tunani wadda ba kowa ke ganin ta isa ba. Akwai babi guda da wasiƙu ne kawai, ɗalibai da ma'aikata kowa na rubuta wa gida, yarinya na ƙorafi kan raket ɗinta na tanis, wata na tsegumin malamai, kuma cikin wannan surutun marubuciyar ta binne abin da za ki buƙata daga baya. Da aka fara mutuwa, iyaye suka dinga zuwa suna kwashe ƴaƴansu, sai ki ga matar da ta gina makaranta da guminta tana kallon ta tana watsewa. Sannan wadda ta fara gano bakin zaren ba ɗan sanda ba ce, ɗaliba ce, Julia Upjohn. Ta zauna ta yi tunani ita kaɗai, ta haɗa ƙananan abubuwan da manya suka raina, ta sulale ta tafi Landan wurin Hercule Poirot, gwanin binciken laifuka na littattafan Christie. Ina son ƴan matanmu su karanta yarinya irin wannan, wadda ba kyau ya fisshe ta ba, hankali ne.

Wata bazara ƴaƴan yayata biyu suna hutu a gidanmu, zafi ya hana shiga ɗaki, wuta kuma kin san halinta a watannin nan. Bayan isha'i sai mu shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ɗaya ta haska da fitilar waya, ɗaya ta karanta babi guda da ƙarfi. Goggonmu ba ta jin Faransanci ko kalma, amma ta ce ba za a yi ta dariya da salati a gabanta ba a bar ta a duhu. Dole in an gama babi yaran su maida mata shi da Hausa. Abin da ban zata ba, wannan maidawar ita ta fi koya musu Faransancin, don wanda bai fahimci jimla ba ba ya iya ba da labarinta, sai su koma su sake dubawa. Suka yage takarda daga kaye suka jera sunayen malamai, kowane dare a soke wani, a mayar da wani. Goggo ta kafe a kan wata malama, ta ce mai yawan leƙe-leƙe ba ta rasa abin ɓoyewa. Da labari ya juya ya wanke wadda take zargi, ta tafa hannu ta ce a sake karanta mata wurin, ba ta yarda ba. Daren da muka kai bayanin Poirot babu wadda ta yi barci da wuri. Littafin ya zagaya maƙwabta bayan haka, ya dawo mini bangonsa liƙe da sikoc, ban ji haushi ba ko kaɗan.

Ta fuskar harshe ma shi ya fi dacewa da ke. Jimlolinsa gajeru ne, yawancinsa hira ce tsakanin mutane, babi ɗaya ba ya wuce abin da za ki karanta tsakanin la'asar da magariba. Za ki buɗe ƙamus jefi-jefi, amma ba zai tsayar da ke ba.

Yana da aibinsa. Babobin Ramat na farko suna da ɗan jan jiki, ki yi haƙuri da su. Poirot ba ya shigowa sai an ci wajen kashi biyu cikin uku na littafin, in shi kike jira za ki daɗe. Kuma yadda Turawan cikin labarin ke maganar mutanen Gabas akwai raini irin na zamaninsu, za ki ji shi ya taɓa ki a wasu wurare. Ni ma ya taɓa ni. Ki lura da shi, ki wuce.

Na Donna Tartt kuwa, na saye shi sabo a Yamai da tsada, na karanta sau ɗaya, tun ranar yana inda na ajiye shi. Ya fito a 1992, fassarar Faransanci ta biyo a 1993. Ɗalibai shida ne masu karatun tsohon Girkanci wurin malami ɗaya a wata ƙaramar jami'a a jihar Vermont ta Amurka, kuma tun shafin farko an gaya miki sun kashe ɗaya daga cikinsu, Bunny, an gaya miki su wa suka yi. Ba wani mai laifi da za ki farauta. Shafi wajen 700 ne na yadda abin ya kai ga haka da yadda tsoro ya cinye su daga baya, an raba su babi 8 kacal, ga shan giya da ƙwayoyi kusan ko'ina. Ta iya rubutu, wannan ba na musu, wurin da mai ba da labarin ya kusa mutuwa da sanyi a wani ɗaki mai hudajjen rufi har yanzu ina tuna shi. Amma ban sami mutum ɗaya a ciki da na damu da abin da zai same shi ba, kuma jami'ar da kike marmarin gani ba ta ciki sosai, ƴan gata ne suka ware kansu daga sauran ɗalibai. Littafin aro ne, ba na saye ba.

Wani zai ce me ya kai mu Ingila alhali ga namu. Gaskiya ne, in lakwal irin tamu kike so, da mushe, wato malamin, da bulalarsa da manyan ɗalibai masu cin zalin ƙanana, tana cikin "L'Enfant noir" na Camara Laye tun 1953, kuma ina kyautata zaton kin riga kin gamu da shi a kwaleji. Littattafan Hausa da ke shigo mana daga Kano ta Jibiya da Ɗan Isa su ma suna yawan ambaton makaranta, sai dai galibi wurin haɗuwar masoya ce. Ke kuwa bincike kika ce kina so, a biyun da kika gani ɗaya ne kawai zai ba ki shi.

Yanzu abin da ba ki tambaya ba amma dole in faɗa. Ki yi hattara da masu sayarwa, don ba duka ke tsoron Allah ba. Littafin bincike in ya rasa shafukan ƙarshe ya zama rijiya ba guga, ruwan na nan amma ba ki sha. Kafin ki zaro kuɗi ki juya shi ta baya, ki rufe rubutun da tafin hannu kada idonki ya kama sunan mai laifi, ki duba lambobin shafi kawai ko suna bin juna har ƙarshe. A asalinsa babi 25 ne bayan gabatarwa. In kin ga ɗan siriri ƙwarai, mai hotuna da tambayoyi a baya, wannan taƙaitacce ne da aka yi wa masu koyon harshe, kada a sayar miki da shi a kuɗin cikakke. Ki buɗe tsakiya ki ga ko gara ta yi hanya a ciki, ko ruwa ya manne shafuka. Akwai kuma na fotokopi da ake yi wa bango mai sheƙi: rubutun yana karkacewa, gefen layi yana yankewa, ki goga yatsa ki ga baƙi ya biyo ki, gam ɗin kuma ba ya jure zafin Maraɗi, sai shafuka su fara zubewa. Wani lokaci bangon daban, cikin daban, don haka ki karanta shafin farko ki tabbata sunan ya dace. Ki leƙa shafin nan na fari da ke gaba, ko ki sa wadda kuka je tare ta leƙa miki, don akwai marasa kirkin da ke rubuta sunan mai kisan a wurin bayan sun gama karantawa.

In mai littafin ya ƙi bari ki cire leda ki duba, ki ajiye masa abinsa ki tafi. Kuɗin da ya fara faɗa ba shi ne kuɗin ba, musamman in ya ga kin ƙyalla ido, ki taya ƙasa ki yi kamar za ki wuce. Masu cewa a WhatsApp ki tura kuɗi ta waya su aiko miki da littafi daga Yamai ko Kwatano, in ba wanda kika sani ido da ido ba ne, kada ki tura ko dala.

Ki je da wuri kafin wani ya riga ki, irin waɗannan ba sa daɗewa a shimfiɗa. In kin kai ƙarshen babi na 16 ki tsaya, ki rubuta sunan wanda kike zargi a takarda kafin ki ci gaba. Na Tartt kuma in har ranki bai daina biyawa ba, nawa yana nan lafiya lau, ki yi mini magana ta gefe in aiko miki da shi aro.