Wata biyar ina amfani da Nix wajen haɗa Neovim da kayansa

Ina koya wa matasa rubuta manhaja a wani ɗan shago a ƙauyenmu, kusa da Ringim. Kwamfutocinmu shida ne, duk tsofaffi na hannu, da sola muke caza su. Sabis kuwa sai mutum ya fita bakin titi yake samun mai ƙarfi. Na fara da wannan ne domin duk abin da zan faɗa game da Nix, manhajar da nake girka kayan aikinmu da ita, a kansa ya rataya.

Da Neovim, manhajar rubuta kod, muke rubutu. Reshe ne da ya tsiro a 2014 daga Vim, manhajar da Bram Moolenaar ɗan ƙasar Holan ya fitar a 1991. Ba shi da nauyi, tsohuwar kwamfuta na ɗaukarsa ba gardama. Amma shi kaɗai kamar keken ɗinki ne ba zare ba allura, sai an jona masa ƙananan manhajojin da ake ce wa fulogin: Telescope na neman fayil, Treesitter na bambanta kalmomin kod da launi, da sauransu. Yadda aka saba, lazy.nvim ko vim-plug ne ke sauko da su daga GitHub, shafin intanet da ake ajiye kod, kowace kwamfuta ta sauke nata. Ga mai intanet a ɗaki wannan ba komai ba ne. Mu kuwa sai a yi rabi sabis ya ɗauke. Treesitter ya nemi manhajar harhaɗa kod ɗin C, babu. Telescope ya nemi ripgrep, manhajar neman kalma a cikin fayiloli, babu. Wata rana wani ɗalibina ya ce, "Malam, me ya sa allonka ke da launi nawa babu?" Rabin darasin ranar a gyara ya tafi, kuma abin ya dame ni ƙwarai, don yaran nan daga gona suke zuwa, lokacinsu kaɗan ne.

Nix manhajar girka manhajoji ce, Eelco Dolstra ya fara ta a 2003, shi ma a Holan. Rumbunta, Nixpkgs, yana ɗauke da fulogin na Vim masu ɗimbin yawa a ƙarƙashin vimPlugins. A fayil guda na rubuta cewa ina son Neovim, da fulogin kaza da kaza, da ripgrep, da nahawun harshen kod na Python don Treesitter, da saitina. Nix ta ɗaure su ƙunshi ɗaya ta ajiye a /nix/store, kowane abu da doguwar lambar shaidarsa a gaban suna. Wani fayil mai suna flake.lock kuma ya riƙe ainihin zubin da na ɗauka, ba ya canjawa sai na ce.

Abin da ya sa na amince da ita shi ne umarnin nix copy. Na shiga Kano wurin wani abokina mai intanet mai kyau, na gina ƙunshin sau ɗaya, na kwafe shi da duk abin da ya dogara a kai cikin filas, har da fayil ɗin girka ita Nix ɗin. Da na dawo gida na bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya. Kafin la'asar duk shidan sun zama iri ɗaya, ko kobo ban kashe a data ba a ranar. Har maɓallan da na saita don ƙ da ɗ da ɓ sun biyo, kuma wannan ya faranta min rai fiye da kowane fulogin, domin yanzu yarinya za ta rubuta "ƙofa" a bayanin kod ɗinta ba "kofa" ba.

Akwai wahala, ba zan ɓoye ba. Nix tana da harshenta na kanta, kuma na yi kusan mako uku kafin na gane kansa. Saƙon kuskurenta dogo ne, sai ka nutsu za ka ga layin da ya shafe ka. Tana da cin wuri, domin ba ta goge tsohon zubi da kanta, sai ka kira nix-collect-garbage. Amma wannan ajiyar ita ce ta cece ni ran da na sabunta wani fulogin ya ƙi aiki da saitina: umarni ɗaya na koma na jiya, darasi ya ci gaba. Fulogin ɗin da babu shi a rumbu kuma sai ka naɗa shi da kanka da buildVimPlugin, ka nemo lambar shaidarsa. Sau ɗaya na yi, ya ci min yamma guda.

Wani abin da nake tunani a kai shi ne ɗalibai ba sa iya ƙara fulogin yadda suka ga dama, tunda /nix/store a kulle yake, karantawa kawai ake yi. Ga ɗan koyo hakan kariya ce. Amma biyu daga cikinsu sun fara ƙwarewa, suna son su taɓa da hannunsu, don haka na fara nuna musu fayil ɗin Nix ɗin da kansa.

Mai kwamfuta ɗaya da data a wadace, lazy.nvim ya ishe shi, kada ya wahalar da kansa. Malamin da ke riƙe da kwamfutoci da yawa a Taura ko Garki ko Babura, inda sabis ke zuwa yana tafiya, shi nake ba shawarar ya daure ya koya. NixOS, tsarin kwamfuta da aka gina a kan Nix, na fitar da sabon zubi tare da rumbun Nixpkgs a watan Mayu da Nuwamba, ni ma na tsara shiga Kano da filas ɗina a waɗannan watannin.