Daga Aboabo Zuwa Korle Bu: Yadda Aka Yi Wa Ummi Aikin Zuciya

Wata takwas ke nan da aka yi wa 'yata Ummi aikin zuciya, amma har yau matan unguwa ba su daina tare ni ba: "Maman Ummi, wai a ina aka yi? Me ya hana ku zuwa Indiya?" Na gaji da maimaitawa a bakin famfo, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya karanta.

Mu 'yan Aboabo ne a Kumasi. Tun Ummi tana jaririya ba ta jure shan nono; ta ja kaɗan sai ta saki, gumi ya jiƙa mata goshi. Da ta fara tafiya kuma, tana cikin wasa sai ta tsugunna ta yi tsit, leɓɓanta su yi duhu kamar an shafa musu shuni. Surukata Hajiya ta ce iska ce. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. Ban ga laifinta ba, don ni ma na ɗauka haka ne.

Wurin da na fi jin haushi shi ne wani asibitin kuɗi da muka yi fiye da shekara muna zarya. Ba zan faɗi sunansa ba. Gini fes, sanyin na'ura har cikin ƙashi, talabijin a bango. Yau a ce zazzaɓin sauro, gobe a ce asma, a haɗo mu da leda cike da magani. Duk zuwan nan babu wanda ya taɓa maƙala mata ɗan abin nan da ke auna iskar jini a yatsa. Ranar farko da aka maƙala mata shi a babban asibitin Komfo Anokye na Kumasi, wanda mu nan muke kira Gee, na ga nas ta cire ta sake sawa a wani yatsan, sannan ta tashi da sauri ta kira likita. Na mai lafiya yakan nuna 95 zuwa sama. Na Ummi bai kai 80 ba.

A Gee aka yi mata hoton zuciya, wanda suke kira eko. Likitan ya ɗauki biro ya zana min zuciya a bayan takarda, ɗakuna huɗu. Ya ce abin da mutane ke kira rami a zuciya iri-iri ne. Wani ƙaramin rami kan toshe da kansa yaro yana girma. Na Ummi kuwa sunansa Tetralogy of Fallot, lahani huɗu a haɗe: ga rami tsakanin ɗakunan ƙasa, ga hanyar da jini ke bi zuwa huhu ta tsuke, sauran biyun kuma suna tafe da waɗannan. Tsugunnon da take yi ashe dabara ce ta jiki, yana tura jini zuwa huhu. Ya ce kusan jariri ɗaya cikin 100 ake haifa da wani lahani a zuciya, kuma ba wani abu na ci ko na yi ba lokacin goyon ciki. Wannan maganar ta sauke min dutse daga ƙirji, don akwai masu cewa aikin kasuwa da na yi da tsohon ciki ne ya jawo.

Tun 2007 likitocin asibitin yara na Boston a Amurka sukan zo Gee su yi wa yara aiki na 'yan kwanaki, kuma yara da dama sun amfana. Mu dai lokacinmu bai zo daidai da zuwan wata tawaga ba, likita ya ce kada mu zauna jira, ya rubuta mana takarda zuwa Accra.

A tsakanin nan wani ɗan kamasho ya samo lambar Baban Ummi, yana ta turo hotunan wani asibiti a Indiya mai kama da otal. Muka tambaye shi wa zai riƙa duba yarinya idan mun dawo. Sai ya fara kame-kame. Nan muka rabu.

Cibiyar zuciya ta asibitin Korle Bu da ke Accra, wadda Farfesa Frimpong-Boateng ya kafa a 1989, ba ta ruɗe ni da ado ba. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne tura mu wurin likitan haƙori. Na ce zuciya muka kawo, me ya haɗa ta da haƙori? Ashe ƙwayar cuta daga ruɓaɓɓen haƙori kan bi jini ta sauka a zuciyar da aka ɗinke. A nan na gane ina hannun waɗanda suka saba da aikin. Aka kuma nemi masu ba da jini. Ƙannen maigida da samarin unguwar Nima ta Accra da ba su taɓa ganinmu ba suka zo, Allah Ya saka musu.

Maganar kuɗi kuwa, a shirya. Katin inshorar lafiya ba ya ɗaukar irin wannan aiki. Akwai gidauniyar Ghana Heart Foundation mai tallafa wa masu aikin zuciya, a tambaya da wuri. Mu mun haɗa da kuɗin adashina, da taimakon masallacin unguwa, da kekunan ɗinki biyu da Baban Ummi ya sayar.

Kowa yana tambayar sunan likitan da ya yi aikin. Ni kuwa da za a sake, abin da zan fara tambaya shi ne: wa ke kwana a kan yaro bayan an fito da shi? Aikin awoyi ne, inji yana riƙe da aikin zuciya da huhu, amma daren farko a ɗakin kulawa ta musamman shi ne gadar. Na leƙa na ga Ummi da robobi a ƙirji da hanci da wuya, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Wata nas 'yar unguwar Mamobi ta jawo ni gefe, ta juya harshe zuwa Hausa: "Yaya, daina kallon robobin. Dubi bakinta." Na duba. Leɓɓan Ummi jajaye, karon farko a shekara uku. Wannan baiwar Allah ba ta zauna ba har asuba, tana auna fitsari, tana duba jinin da ke fita ta robar ƙirji, tana rubutawa. Wancan asibitin mai talabijin ko ya sayi injinan nan duka, ba shi da irinta.

Kafin sallama sun koya min wanke wurin ɗinki, da yadda zan ɗauke ta ba ta hammata ba har ƙashin ƙirji ya haɗe, suka ce zazzaɓi ko kaɗan kada in tsaya shagon magani. Sun kuma gaya min gaskiya cewa an gyara ne, amma dubawa har girmanta, don wasu sukan buƙaci wani aikin nan gaba.

Yanzu eko a nan Gee muke yi, sai lokaci-lokaci mu hau mota daga tashar Asafo zuwa Accra. Hajiya ce ma ke riƙe da katin, ita ke tuna mana rana. Jiya da yamma na ji tana ƙwala wa Ummi kira ta bar guje-guje a lungu, ta zo ta sha koko kafin ya huce.