Gyaran Tsohuwar Wuƙar Aljihu Wajen Maƙeran Kasuwar Marwa

Wuƙaƙen aljihu da aka fi kai wa maƙeran Marwa ta ƙasar Kamaru gyara iri uku ne: Opinel mai ƙotar itace, Douk-Douk mai ƙotar ƙarfe da ake ƙerawa a Faransa tun 1929, da Okapi mai zobe a baya. Akwai wani dattijo a cikin maƙeran da aikinsa ya cancanci yabo, kuma dalili ɗaya ne babba: ba ya ɗora ruwan wuƙa a kan injin wasa. Injin yana zafafa bakin nan take. Da zarar ƙarfen ya yi shuɗi, taurinsa ya tafi, ko an wasa ba zai riƙe kaifi ba.

Yakan jiƙa gaɓar da kananzir ta kwana, ya sakace dauɗar da tsinke, sannan ya bi tsatsa da sanfefa mai lamba 400, ya gama da 1000, yana gogawa ta fuska ɗaya. Ramukan da tsatsa ta ci ba ya binsu har ƙasa, kuma ya yi daidai, don sai an cinye kaurin ruwan kafin su ɓace.

Gwanintarsa tana wajen ƙusar da ruwan ke juyawa a kanta. In wuƙa tana girgiɗi, sai ya ɗora kan ƙusar bisa uwar maƙera, ya ɗan daddaka da ƙaramar guduma, bugu biyu ya gwada buɗewa, ya ƙara. Kafin ya fara yakan cusa tsohuwar reza tsakanin ruwan da ƙota, ya zare ta bayan ya gama. Wannan 'yar tazarar ce ke hana wuƙa cijewa. Masu gaggawa sukan maka mata guduma sau ɗaya, ta ƙi buɗuwa sai da filaya. In ƙusar ta cinye, yakan fitar da ita ya sa sabuwa daidai kaurin ramin. Sifirin ɗin Douk-Douk in ya karye kuwa, ba ya walda. Sai dai a samo na wata matacciyar wuƙa.

Opinel da ta ƙi buɗuwa da damina ba lalacewa ta yi ba, itacen ne ya sha danshi ya kumbura. A shanya ta kwana biyu, a buga gindin ƙotar a kan benci, bakin zai leƙo. Yana gaya wa mutane haka, bai karɓi ko sisi ba.

Inda ya gaza shi ne mai. Baƙin man inji yake shafawa, ga shi da wuƙar ake yanka tsire da mangwaro. Ka tafi da kakin zuma don ƙota, da ɗigon man keken ɗinki don gaɓa kaɗai. Kuma ka faɗa masa ya bar tambarin da ke jikin ruwan, in ba haka ba sanfefa za ta tafi da shi.