Gyaran ƙafar baya a gida: zare ko na'urar alaimen?

Malam, ka ce tayoyin bayan motarka suna cinyewa ta gefen ciki, baya yana ƙwanƙwasa in ka faɗa rami, ka riga ka sayi shokazoba biyu da bushi, wato robobin da ke mahaɗar ƙarfunan ƙafa, kana so ka san ko za ka ɗaura da kanka har ka daidaita tayoyin da zare, ko dole sai motar ta hau na'urar alaimen, mai auna daidaiton tayoyi. Aiki biyu ka haɗa a tambaya ɗaya, kuma amsarsu ba ɗaya ba ce.

Fara leƙa ƙarƙashin motar ka ga irin ƙafar da take da ita. In ƙarfe ɗaya ne dogo ya haɗa taya da taya, wanda makanikai ke kira bim, irin na Golf 4 da yawancin ƙananan motoci, to masu ƙera ta ba su bar wurin juyawa ba. Taya ta karkace a irin wannan, to ko dai bushin bim ɗin sun mutu, ko shi kansa ya lanƙwashe bayan wani duka. Zare ba zai miƙe shi ba, na'ura ma sai dai ta nuna maka girman karkatar. In kuwa hannayen ƙarfe uku, huɗu ko biyar ne ke riƙe da kowace taya, irin na Honda Accord, Peugeot 406 ko Golf 5 da ta fito a 2003, za ka tarar da wata kusa mai washa wadda raminta ba a tsakiya yake ba, ko hannu mai noti da ake juyawa a tsawaita shi. A nan ne maganar alaimen ɗin baya ke da ma'ana.

Kwancewa da ɗaurawa, wannan na yarda ka yi a gida. In shokazoba daban take da sifirin, noti biyu ko uku ne kawai, kuma canza ta ba ya cika taɓa alaimen. Canza biyun tare, kada ka bar tsohuwa gefe ɗaya. Amma in sifirin ɗin ya naɗe shokazobar, kada ka kwance notin sama sai da abin matse sifirin na gaske, domin ƙarfin da ke daure a cikinsa ya isa ya karya hannu ko fuska. Bushi kuwa da injin matsi ake fitar da shi a sa sabo. Masu ƙone robar da wuta su bi da guduma sukan lalata ramin hannun, sabon bushin ya zauna yana wasa. Ko ka cire hannun ka kai a matsa maka, ko ka sayi hannun gaba ɗaya da bushinsa a ciki.

Abu uku ba na sassauci a kansu. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe, ka toshe tayoyin gaba, don birkin hannu tayoyin baya yake kamawa, su kuma ga su a sama. Kafin ka sassauta kusar nan mai washa, ja layi da fenti daga washar zuwa jikin ƙarfen, ka mayar da ita daidai kan layin. Na ukun shi ake yawan tsallakewa: kada ka yi ɗaurin ƙarshe na notin bushi taya tana reto. Robar manne take da ƙarfenta, murɗewa take yi ba juyawa ba. In ka ƙulle ta a sama ka sauke motar, za ta zauna a murɗe dare da rana, ba da jimawa ba ta tsage. Sauke motar nauyinta ya hau tayoyi, sannan ka ɗaure da sifana mai auna ƙarfi, gwargwadon abin da littafin motar ya faɗa.

Yanzu ga zare da na'ura.

Da zare, abin da kake aunawa shi ne to-in, wato yadda gaban taya ya kalli ciki ko waje in ka dube ta daga sama. Ka sami daɓe madaidaici, iskar tayoyi daidai, ka tura motar gaba kaɗan ta zauna. Ka ja zare biyu, ɗaya kowane gefe, a tsayin tsakiyar wili. Inda mutane ke ɓata aikin shi ne su sa tazarar zare daga wilin gaba daidai da ta wilin baya, alhali a yawancin motoci faɗin gaba da na baya ba ɗaya ba ne. Abin da ake so, tazarar hagu ta yi daidai da ta dama a gaba, haka ma a baya, sannan nisan zaren biyu ya zama ɗaya a gaban mota da bayanta. Sai ka auna daga zare zuwa bakin gaba da bakin baya na rim ɗin taya ɗaya, ka ɗebe. Duba ƙanƙantar abin: a rim mai inci 16, bambancin milimita 1 kusan digiri 0.14 ne, kuma tayar da ta kauce da wannan kaɗai ana jan ta a kaikaice kusan mita 2.5 a kowace kilomita. Rim ɗin da ya ɗan lotse ko zaren da ya ɗan saki ya isa ya haɗiye wannan milimitar. Mai haƙuri da ido yana iya kusantar daidai, masu tseren mota ma suna amfani da zare, amma sun saba, kuma sukan maimaita awon sau da yawa.

Na'ura kuwa tana kama wili huɗu lokaci ɗaya. Tana ba ka to-in na kowace taya, da kamba, wato kwanciyar saman taya ciki ko waje, har da alƙiblar da ƙafar baya ke tura motar. Wannan na ƙarshen shi ke sa ka ga mota tana tafiya a karkace kamar kare mai gudu, sitiyari kuma ya ƙi zama tsakiya ko an gyara gaba sau nawa. Shi ya sa ake fara daidaita baya, sannan a bi da gaba. Tana kuma da faranti masu zamewa a ƙarƙashin taya, yadda in an juya kusa tayar za ta motsa nan take. A gida sai ka haɗa tayil biyu da giris a tsakani, ko ka riƙa tura motar bayan kowane juyi. Rauninta mai riƙe da ita ne. In bai zaɓi samfurin motarka daidai ba, ko bai girgiza tayoyi ya duba bushi da boris kafin ya fara ba, lambobin za su yi kore a allo, ka fita titi su watse. Nemi takardar awon kafin gyara da bayan gyara.

Game da cin ciki da ka ambata, shafa tafin hannunka a kan tayar daga waje zuwa ciki, ka dawo. In ka ji santsi ta ɗaya ɓangaren, kaifi ta ɗayan, to-in ne. In gefen cikin ya cinye sumul, kamba ce, kuma sau da yawa sifirin da ya gaji ya zauna ne ko mataccen bushi ke jawo ta. In kuwa cin tudu da kwari ne zagaye da tayar, shokazoba ce ta daina riƙewa.

Shawarata: ɗaura shokazoba da hannaye da kanka, yi awon zare don ka tabbatar ba ka kauce da nisa ba, sannan ka kai motar na'ura cikin kwanakin nan, kafin ka sa sababbin tayoyi. In bim ce kuma shokazoba kaɗai ka canza, je a auna sau ɗaya saboda cin cikin nan, don a san ko bim ɗin ya lanƙwashe.